Wace Matata Ce Ke Rayuwa Idan An Ɗauke Wuta? Martani Kan Kayan Kiwon Kifin Ado

Wani marubuci da ya san kifin ado, kuma daga gani yana son a daina asarar kifi a gidajenmu, ya fitar da rubutu kwanan baya yana ba masu farawa shawara kan kayan da za su saya. Abin da ya tsaya a kai shi ne kada mutum ya yi ƙoron kuɗi wajen matata. Ya sayi babba mai tulu, irin wadda ake ajiyewa a ƙarƙashin akwatin gilashi, ruwa ya sauka cikinta ta tiyo ya koma ta wani tiyon, kuma ta zama mai ƙarfin juya ruwan akwatin sau goma a sa'a guda. Famfon iska kuwa, a ganinsa, ƙawa ce kawai, tun da iskar oksijin ta saman ruwa take shiga ba ta kumfa ba. Ya ƙara da cewa ana gane matata ta gari ne da ruwa garau, don haka a riƙa wanke ta tas kowane mako ana sabunta gawayin cikinta. Niyyarsa kyakkyawa ce, kuma ba duk maganarsa ce kuskure ba. Sai dai shawarar, in aka bi ta a Kano ko Zariya ko Maraɗi, za ta kashe kifin da ake son ceto, domin an gina ta a kan abubuwa biyu da yawancinmu ba mu da su, wato wutar da ba a ɗaukewa da ɗakin da ba ya zafi. Matatar da ta dace da mai farawa a ƙasarmu ita ce ta soso, wadda famfon iskar da malamin ya raina yake tafiyar da ita.

Tushen saɓanin shi ne abin da kowannenmu ya ɗauka aikin matata ne. Malamin ya ɗauke ta a matsayin rariya, mai kama dattin da ido ke gani. Tana yin wannan, amma shi ne ƙaramin aikinta. Abin da ke kashe kifi a akwati ba ya da launi kuma ba ya gurɓata ruwa. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya, galibi ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai, kuma ragowar abinci da kashi da matattun ganye suna ƙara ta yayin da suke ruɓewa. A kogi ruwa yana da yawa, yana tafiya da ita. A akwati ba ta da wurin zuwa, kuma ba rariyar da za ta kama ta, domin narkakkiya ce. Abin da ke kawar da ita wasu ƙananan halittu ne da ke manne a jikin soso da tsakuwa da duk abin da ruwa ke ratsawa. Wani rukuni yana mayar da amoniya naitirayit, wanda shi ma dafi ne, yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iska har jinin ya koma ruwan ƙasa. Wani rukunin kuma yana mayar da naitirayit naitiret, wanda kifi ke iya jurewa har a zo canjin ruwa. Wannan ba sabon ilmi ba ne. Sergei Winogradsky ya bayyana waɗannan ƙwayoyin bakteriya tun wajen 1890, kuma a 1998 Timothy Hovanec da abokan aikinsa suka nuna cewa a akwatin kifi na ruwan daɗi jinsin Nitrospira ne ke ɗaukar nauyin mataki na biyu. Ke nan matata gida ce ta rayayyun abubuwa, kuma tambayar da ya kamata mai saye ya yi ita ce a wane gida waɗannan halittu za su fi daɗewa da rai a irin yanayin da yake ciki.

Ruwa garau ba ya amsa wannan tambaya. Akwatin da aka cika yau, aka zuba masa kifi, zai iya yin wal kamar madubi yayin da amoniya ke taruwa a ciki, domin ƙwayoyin nan ba sa saurin hayayyafa, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su isa ɗaukar nauyin akwati. Shi ya sa mutuwar kifi ta fi yawa a watan farko, lokacin da komai sabo ne kuma mai gida ya fi alfahari da tsabtar ruwansa. Akwatin da ya shekara, mai ɗan gansakuka a bango da soson da ya yi duhu, sau da yawa shi ne mai lafiya. Zafi yana ƙara tsananta al'amarin. Ba duk amoniyar da ke ruwa ce mai kaifin dafi ba, wani kaso ne nata, kuma kason yana ƙaruwa da zafi da kuma hawan ma'aunin pH, wato raguwar tsamin ruwa. A digiri 25, in pH yana kan 7, kason bai kai ɗaya cikin ɗari ba. In ya hau 8 sai kason ya wuce biyar cikin ɗari, a digiri 30 kuma ya wuce bakwai. Adadin amoniyar da kifi zai sha da ƙyar a watan Janairu shi ne zai kifar da shi a watan Afrilu.

Yanzu ga batun iska, inda malamin ya faɗi gaskiya amma ya ɗora mata hukuncin da ba nata ba. Gaskiya ne cewa a akwati marar zurfi kumfa ba ta daɗewa a cikin ruwa, kuma mafi yawan musayar iska a saman ruwa take faruwa. Abin da ya bari shi ne abin da kumfar ke yi a kan hanyarta ta hawa. Tana jan ruwan ƙasa, wanda iskarsa ta ragu, ta kai shi sama, ta fasa fuskar ruwan, ta watsa yanar maiƙon da kan kwanta a kai ta toshe musayar. Wanda ya yarda cewa iska ta sama take shiga ya riga ya yarda da amfanin duk abin da ke kai ruwan ƙasa sama. Kuma bukatar nan a wurinmu ba ƙarama ba ce. Lita guda ta ruwa a digiri 20 tana riƙe iskar oksijin kimanin miligiram 9. A digiri 30 abin bai wuce 7.6 ba, a digiri 35 kuma wajen 7 ne, wannan ma a gaɓar teku, domin a tudu irin na Kano ko Jos ya ƙara raguwa. A daidai lokacin da ruwan ke rage abin da yake riƙewa, jikin kifi yana ƙara abin da yake ci, domin kifi ba ya riƙe zafin jikinsa, kuma ƙarin digiri goma kan kusan ninka saurin aikin jikinsa. Ƙwayoyin matatar ma masu shaƙar iskar ne, har ma da haɗama, domin kafin su sarrafa giram guda na naitirojin da ke cikin amoniya sai sun cinye kimanin giram huɗu da rabi na oksijin. A bazara, lokacin da zafin rana a Sakkwato da Kano ke kai digiri 40, ruwan akwati a ɗakin da ba na'urar sanyaya iska yakan haura digiri 30. Kifi da ƙwayoyin da ke tsare rayuwarsa suna rabon iskar da ta riga ta yi ƙaranci. Masu dogaro da tsirran cikin ruwa su ma su lura, domin tsiro da rana yake ba da iska, da dare kuwa shaƙa yake yi, shi ya sa ake yawan tarar da kifi sun taru a sama suna haki da asuba.

Za a ce ai matata mai tulu ma tana motsa saman ruwa in aka ɗaga bakin tiyonta. Haka ne, muddin akwai wuta. A nan ne shawarar malamin ta rabu da ƙasar da aka ba da ita. A tsarin farashin wuta na hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, unguwannin rukunin A ne kaɗai aka yi wa alkawarin sa'o'i 20 a rana, na B 16, na C 12, na D 8, na E kuwa 4. Ko a takarda ma ke nan, yawancin gidaje sun san za su yi sa'o'i masu yawa ba wuta kowace rana. A watan Oktoba na 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna, jihohi da dama sun shafe fiye da mako guda a duhu. To me ke faruwa a cikin tulun matata idan injinta ya tsaya? Rufaffe ne, ba ya haɗuwa da iskar waje ta ko'ina. A ce yana ɗaukar ruwa lita 5, kowace lita da miligiram 7, duk iskar da ke ciki ba ta wuce miligiram 35 ba, ga ƙwayoyi cunkus, ga dattin da ya kama yana ruɓewa. Cikin 'yan sa'o'i iskar ta ƙare. Ba lalle ne ƙwayoyin su mutu duka nan take ba, suna da ɗan juriya, amma aikinsu ya tsaya, kuma wasu ƙwayoyin da ke rayuwa ba iska sun karɓi wurin. In abin ya yi nisa sukan haifar da gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda dafi ne ga kifi. Da an dawo da wuta, sau da yawa cikin dare kowa na barci, injin ya tashi da kansa ya tura wannan gurɓataccen ruwa cikin akwati. Mai gida ya wayi gari da matattun kifi a cikin ruwa garau, da matata mai tsada tana aiki lafiya, ya rasa wa zai zarga sai mai sayar da kifin.

Matatar soso ba ta da wannan rauni, kuma ƙirarta ba ta da wani sirri. Dunƙulen soso ne mai bututu a tsakiya, ana ajiye shi a ƙasan akwati, a jona masa siririn tiyo daga famfon iska. Kumfa na hawa ta bututun tana jan ruwa, ruwan da ke kewaye kuma yana ratsa soson don ya maye gurbin wanda ya hau. Inji guda ya yi aiki biyu, tacewa da ba da iska, kuma ruwan da ke ratsa ƙwayoyin ba ya rabuwa da iskar. In wuta ta ɗauke, soson yana zaune cikin ruwan akwatin gaba ɗaya, wanda in lita 100 ne yana riƙe da ninki ashirin na abin da tulun nan ya riƙe, kuma samansa a buɗe yake. Mafi muhimmanci, ba dole ne ya tsaya ba. Ƙaramin famfon iska wat biyu zuwa biyar yake ci, akwai kuma masu jonawa da wayar USB da ba su wuce wat ɗaya ba. Fawa-bankin waya mai ƙarfin 10,000 mAh yana ajiye kimanin wat-awa 37, wanda ko an cire asarar da ake yi a hanya zai tafiyar da irin wannan famfo kusan kwana guda, kuma ana iya cika shi a shagon cajin waya ko da ƙaramin faifan sola. Akwai masu aiki da manyan batura na tocila, akwai kuma masu batir a ciki da ke komawa kansa da kansu da zarar wuta ta yanke. Matata mai tulu sai wutar gida ko inbata ko janareta, kuma ba kowa zai ta da janareta da ƙarfe biyu na dare saboda kifi ba. Abu guda ne bai kamata a manta ba, kuma rashin ambatonsa a rubutun malamin ya fi komai damuna tun da ya san wasu za su sayi famfon ko don ƙawa. In famfo yana ƙasa da layin ruwa aka ɗauke wuta, ruwa kan iya bin tiyo ya gangaro ya shiga cikinsa, ya malale a ƙasa kusa da soket. Ɗan bawul mai barin iska ta wuce gefe guda, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, yana hana wannan, ko kuma a ɗora famfon a kan kanta sama da akwatin.

Ƙa'idar juya ruwa sau goma a sa'a ita ma tana bukatar a dube ta. Lambar da ake bugawa a kwali galibi ta injin da ba a cika shi da kayan tacewa ba ce, kuma ba ya tura ruwa sama, don haka ba ita mai saye zai samu a gida ba. Ko da zai samu, ba kowane kifi ke so ba. Kifin betta mai dogayen fikafikai ya fito ne daga ruwaye masu kwanciya na Tailan da maƙwabtanta, kifin zinariya mai kumburarren ciki da jela biyu kuma ba gwanin iyo ba ne. Igiyar ruwa mai ƙarfi tana gajiyar da su, sai su laɓe a lungu, abinci ya wuce su. Bakin tiyon tulu yana zuƙe 'ya'yan kifin gufi, soso kuwa wurin kiwonsu ne, suna tsintar ƙananan halittun da ke jikinsa. Sannan duk injin da ruwa ke ratsawa yana zuba wa ruwan wani ɓangare na zafinsa. A ƙasar sanyi wannan riba ce. A watan Afrilu a Katsina ƙari ne a kan abin da ya riga ya yi yawa, alhali famfon iska a waje yake, zafinsa a ɗaki yake tsayawa.

Shawarar wanke matata tas kowane mako ita ce mafi haɗari a cikin rubutun, domin ko wanda bai sayi tulu ba zai iya ɗaukarta. Ruwan famfo da ke fitowa daga matatun gwamnati, irin na Tamburawa da Challawa, ana sa masa kulorin ne don ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma kulorin ba ya bambanta mai cuta da mai amfani. Wanda ya wanke sosonsa a bakin famfo, balle da sabulu ko ruwan zafi, ya rage yawan ma'aikatan da ya yi makonni yana jira su taru, kuma in yana maimaitawa kowane mako akwatinsa zai daɗe bai zauna daidai ba. Abin da ake yi shi ne a ɗebi ruwan akwatin a bokiti lokacin canji, a matse soson a ciki sau kaɗan har ƙazantar da ta toshe shi ta fita, a mayar da shi da duhunsa. Wannan ruwan matsa ma dukiya ce. Kamar yadda mai kindirmo ke zuba ɗan na jiya a cikin sabuwar madara don ta kama, haka ake matse tsohon soso a kan sabo, ko a ajiye sabon a tsohon akwati na wasu makonni, sai sabon akwati ya kama aiki da wuri. Gawayin da malamin ya ɗora wa muhimmanci yana cire launi da wari da ragowar magani, amma ba abin dogaro ba ne wajen amoniya, yana cika cikin 'yan makonni, kuma in ana ba kifi magani shi ne zai shanye maganin. Masu ruwan burtsatse ba su da matsalar kulorin, amma ruwan da ya fito daga zurfin ƙasa yakan zo da ƙarancin oksijin, don haka ya kwana a bokiti da tiyon iska a ciki kafin a zuba. Nan ma aikin famfon iska ne.

Wasu za su karanta wannan su ce ai tun da farko ba a bukatar ko ɗaya, ga tarwaɗa nan tana kwana a baho a kasuwa ba inji ba komai. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iskar sarari kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a taɓo lokacin da tafki ya janye. Betta ma yana da makamanciyar wannan baiwa. Yawancin kifin ado ba su da ita, kuma ko masu ita ba ta kare su daga amoniya, domin ta ruwa take shiga jikinsu.

Akwai ƙorafe-ƙorafe na gaskiya a kan soso, kuma bai kamata a ɓoye su ba. Ba shi da kyan gani, baƙin dunƙule ne a tsakiyar abin da aka saya don ƙawata falo. Ana iya ɓoye shi bayan dutse ko tsiro, amma ba zai ɓace kamar tulun da ke cikin kabad ba. Ba ya kama ƙananan ɓurɓushi kamar tulu, don haka sai an riƙa zuƙe dattin ƙasa da tiyo lokacin canjin ruwa. Famfon yana gurnani, ko da yake ɗora shi a kan tsumma ko ɗan katifa yana rage ƙarar, kuma sa dutsen kumfa a cikin bututu yana mayar da manyan ƙwallayen iska ƙanana marasa hayaniya. A hunturu ƙura tana toshe ɗan audugar da ke mashigar iskarsa, fatar robar da ke bugawa a ciki kuma tana tsagewa in ta tsufa, amma duka biyun ana sauya su da kuɗi kaɗan ba tare da an jefar da famfon ba. Ƙorafi mafi nauyi shi ne na babban akwati mai manyan kifaye masu ci da yawa, irin su oska ko garken manyan kifin zinariya. A nan malamin yana da hujja, domin tulu yana ɗaukar kayan tacewa da yawa kuma yana kwashe datti fiye da soso guda. Wanda ke da irin wannan akwati, kuma yana da sola ko inbatar da ba ta yankewa, ya sayi tulunsa. Amma ko shi ya jefa soso ɗaya ko biyu a ciki da famfo mai batir, domin batirin inbata yana ƙarewa, injin tulu yana lalacewa, kuma kayan gyaransa ba a kowace kasuwa ake samu ba. In tulun ya tsaya sa'o'i masu yawa, ya cire shi daga soket kafin wuta ta dawo, ya buɗe ya zubar da ruwan ciki, ya ɗauraye kayan da ruwan akwati, sannan ya mayar.

Sai dai malamin ba masu manyan akwatuna ya rubuta wa ba, masu farawa ya kira da bakinsa, waɗanda akwatinsu bai cika wuce lita 40 zuwa 100 ba, kuma kuɗin da suka ware ba shi da yawa. Irin wannan mutum in ya zuba kuɗinsa duka a tulu, ba abin da zai rage masa na sayen abubuwan da suka fi tulun tasiri a kan rayuwar kifinsa. Bambancin farashin tulu da na soso da famfo ya isa ya sayi famfo na biyu mai batir, da bawul, da maganin cire kulorin, da ma'aunin zafi, da kwalaben gwajin amoniya da naitirayit, waɗanda su ne kaɗai za su faɗa masa abin da idonsa ba zai gani ba. Da su zai san ranar da akwatinsa ya shirya karɓar ƙarin kifi, wato ranar da duka gwaje-gwajen biyu suka tsaya a sifili kwanaki a jere. Naitiret da ke taruwa bayan haka kuwa ba soso ba tulu da zai kwashe masa shi, sai ya riƙa ɗebe kimanin kwata na ruwan kowane mako yana maye shi da wanda ya kwana, ya rage abinci a ranakun da zafi ya tsananta, ya dakatar da shi gaba ɗaya duk ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba.